Malam Aminu Kano: Malamin makarantar Maru da ya koma fagen siyasa

Duk matafiyin da ya taso daga Gusau zuwa Talata Mafara sai ya ratsa ta Maru. A wannan gari ne Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na gwamnati a matsayin malamin makaranta.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sannan ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka riƙa zaman tattaunawa inda ake yi wa jami'an En'e da Turawan mulki tambayoyi a bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, ya zama sakatarenta, domin malamai su samu bakin magana kan albashinsu da yadda ake tafiyar da makarantu. Daga bisani aka tura shi Maru, a lardin Sakkwato na wancan zamani, ya shugabanci makarantar horar da malamai. Yana can ya soma fafutukar gyara makarantun allo.

A 1950 ya ajiye aiki ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Ya ɗauki jahilci a matsayin sarƙar da ke ɗaure talaka, don haka ya dage kan buɗe makarantun Islamiyya da al'umma ke ɗaukar nauyinsu, da kuma karatun mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, wanda matan Arewa ba su samu ba sai a 1976.

Ya shiga majalisar tarayya a 1959, ya yi wa PRP takarar shugaban ƙasa a 1979, ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983.

Har yanzu ana horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Maru. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, tambayar da ta dame shi tana nan: shin iyaye da malamai na da ta cewa a makarantar garinsu?