Muhammad al-Kashinawi: Masanin taurarin Katsina da ya kwanta dama a Alƙahira

A ƙarni na 18, lokacin da Katsina ke tashen ilimi da fatauci, ta fitar da wani malami Bafulatani wanda sunansa ya kai har Misira. Shi ne Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da nahawu.

Ya yi karatu a gaban manyan malaman ƙasar Sudan ta Tsakiya. Daga cikinsu akwai Shehu Muhammad al-Wali na Bagarmi da Shehu Muhammad Bindu, wanda a wurinsa ya ƙware a ilimin hatimi da lissafin lokuta. A wancan zamani ilimin taurari abin bukata ne na yau da gobe: da shi ake gane alƙibla da lokutan salla, da shi ayari ke keta Sahara da dare, kamar yadda manomi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta don sanin shigowar damina.

A wajajen 1730 ya kama hanyar aikin Hajji. Bayan ya sauke farali sai ya yada zango a Alƙahira, inda ya sauka a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin fiƙihu kuma masanin falaki. Duk da girman mai masaukin, bai ji nauyin ɗaukar ilimin hatimi daga baƙonsa ba.

A shekarun nan ne ya rubuta littattafan da suka raya sunansa. A cikin Bahjat al-Afaƙ ya bayyana ƙa'idojin gina hatimi mai gidaje mara, wato jadawalin da jimillar lambobinsa ke zama ɗaya a tsaye da kwance da karkace. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Littafinsa al-Durr al-Manzum kuwa ya ginu ne a kan wani aikin Fakhruddin al-Razi game da taurari da ɗalasimai.

A nan ne ra'ayi ya rabu a kansa. Masu tarihin lissafi suna ganin gwani mai tsararriyar hanya, wasu kuma suna ganin malamin tsibbu. Gaskiyar ita ce a zamaninsa lissafin tafiyar taurari da neman sirrinsu a cakuɗe suke, kuma shi ɗan zamaninsa ne.

Ya rasu a 1154 Hijiriyya, daidai da wajajen 1741, a gidan al-Jabarti, bayan ya bar masa wasiyyar littattafansa. Aka binne shi a Alƙahira. Ɗan mai masaukinsa, shahararren marubucin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana labarinsa a littafin Aja'ib al-Athar, kuma daga nan ne aka san mafi yawan rayuwarsa.

Kimanin shekara 147 bayan rasuwarsa, a 1888, wani ɗan Birtaniya mai sha'awar taurari, Isaac Roberts, ya ɗauki hoton gungun taurarin Andromeda da madubin hangen nesa da ya kafa a gidansa. Yau irin wannan madubi da kyamara sun isa matashi a Yindiski ta Potiskum ya gwada haka a daren da sama ta washe. Zai yi kyau ya san cewa malaman yankinsa sun daɗe suna bibiyar wannan sama da ido da alƙalami, kuma har yanzu rubuce-rubucen ɗayansu na jiran mai fassara su zuwa Hausa.