Dan Bankhead, Mai Jifan Ƙwallo

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani gwanin wasan besbol na Amurka. Mu a Mashegu ba mu san wasan ba, to, ga yadda yake: mutum ɗaya ya jefa ƙwallo da ƙarfi, abokin gaba ya tare ta da kulki, in ya doke ta sai ya ruga.

An haifi Daniel Bankhead, wanda ake kira Dan, a Alabama cikin 1920. A zamanin nan ba a yarda baƙar fata su shiga manyan ƙungiyoyi ba, sai nasu dabam. Can ya yi suna, shi da 'yan'uwansa huɗu.

Cikin 1947 Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ya kawo shi daga Memphis. Ran 26 ga Agusta ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a manyan ƙungiyoyin Turawa a wannan zamani. Ran nan da aka ba shi kulki, dukansa na fari ya fid da ƙwallo bayan fili. Amma jifarsa ba ta yi kyau ba, 'yan Pittsburgh suka cinye su 16 da 3. Wasa huɗu kaɗai ya yi jifa, aka mai da shi ƙananan ƙungiyoyi. Ya komo cikin 1950, ya ci 9, aka cinye shi 4. Cikin 1951 ya bar Dodgers, daga baya ya tafi Meksiko, ya yi ta wasa har 1966. Ya rasu a Houston cikin 1976.

Me ya ɗaure masa hannu? Wani tsohon ɗan wasa, Buck O'Neil, ya ce tsoro ne: mutumin Alabama ne, ya san abin da kan sami baƙin da ya ji wa Bature ciwo, saboda haka ba ya sakin hannu.

Ni abin da na lura shi ne, Jackie Robinson sai da ya shekara a Montreal ana shirya shi, amma Bankhead rana ɗaya aka tsoma shi. Mu da za mu riƙe yara, mu tuna: yaro mai jin tsoro ba ya nuna iyakar iyawarsa. Kafin mu ce ya kasa, mu bincika abin da ya ɗaure masa hannu.