Mamman Shata, Mawaƙin da Ya Yi wa Kumbo Waƙa

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce. Shata ya taɓa tallan goro, amma kalangu ya rinjaye shi.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi shi ne yadda Shata yake ƙaga baiti nan take a gaban jama'a, masu amshi na biye da shi, kuma ba ya tsoron sabon abu. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, sai ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya bayyana na'urar da masu sauraronsa ba su taɓa gani ba da Hausar da kowa ke ji. Ya yabi sarakuna da attajirai da direbobin mota, ya yi zambo ga wanda ya ga dama. Waƙarsa ta mashaya ta ɓata wa malamai rai, bai kuwa janye ta ba. A Bakandamiya ma kansa ya wasa. Rediyo da kaset suka kai muryarsa tashoshin mota har Ƙonni da Malbaza.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.