Folke Bernadotte, mai shiga tsakanin da aka kashe a Ƙudus

An haifi Folke Bernadotte, jikan Sarki Oscar na Biyu na Suwidin, a 1895. A 1945, ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross, ya kuɓutar da dubban fursunoni daga sansanonin 'yan Nazi, ciki har da Yahudawa.

A watan Mayun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi mai shiga tsakani a Falasɗinu. Ya samo tsagaita wuta ta mako huɗu, ya kuma nemi a bar Falasɗinawa 'yan gudun hijira su koma gidajensu. Sai dai shawarwarinsa ba su gamsar da kowane ɓangare ba.

Ranar 17 ga Satumba, 'yan bindigar ƙungiyar Yahudawa ta Lehi suka harbe shi a Ƙudus. Ɗaya daga cikin shugabanninta, Yitzhak Shamir, ya zama firaministan Isra'ila a 1983.