Renoir, Tsohon Mai Zane Na Ƙasar Faransa

An haifi Pierre-Auguste Renoir ranar 25 ga Fabrairu, 1841, a garin Limoges na ƙasar Faransa. Ubansa tela ne, talaka. Yana ƙarami suka ƙaura zuwa Faris. Can ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, inda Charles Gounod ke koyarwa, aka kuma yaba muryarsa ƙwarai. Amma gida babu kuɗi. Yana shekara 13 aka fid da shi daga makaranta, aka kai shi koyon zanen furanni a jikin tangaran.

A 1862 ya shiga ajin wani malamin zane mai suna Gleyre, ya haɗu da Monet da Sisley da Bazille. Samarin nan ba su yarda da zama a ɗaki suna kwaikwayon magabata ba. Sukan fita bakin kogi su zana haske yadda yake faɗuwa kan ruwa da fuskokin mutane, da sauri, kafin rana ta juya. Da suka baje ayyukansu a 1874, 'yan jarida dariya suka yi musu. Renoir ya daɗe yana fama da talauci kafin kasuwa ta buɗe.

Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu tsufansa ne. Wajen 1892 ciwon gaɓoɓi ya kama shi. A 1907 ya sayi gona mai itatuwan zaitun a Cagnes, kudancin Faransa, don neman ɗumi. Ciwon bai bar shi ba. Yatsunsa suka kanannaɗe, ƙafafu suka ƙi, ya koma keken guragu. Mutane da yawa sun ɗauka ɗaure masa buroshi ake yi a hannu. Ba haka ba ne. Ƙyallen da ake naɗa masa na kare fata ne daga gogewa. Buroshin kuwa wani ke saka masa tsakanin yatsu, shi ya riƙe.

Ana cikin haka yaƙin 1914 ya ɓarke. Babban ɗansa Pierre ya ji mugun rauni a hannu. A 1915 harsashi ya sami Jean, na biyun, a cinya. Uwarsu Aline, ita ma ba lafiya gare ta ba, ta yi doguwar tafiya zuwa asibitin soja, ta ƙi yarda a yanke ƙafar. Ta dawo gida ba da daɗewa ba ta rasu, a watan Yuni. Tsohon yana da shekara 74, ga takaba, ga 'ya'ya biyu a kwance.

Wannan shekarar ce Gilles Bourdos ya ɗauka ya yi fim mai suna Renoir a 2012. Michel Bouquet ne ya fito a matsayin tsohon. Mun ga mata suna ɗauke da shi a kan kujera zuwa gona, mun ga Jean ya dawo yana ɗingishi, ya kamu da son Andrée, yarinyar da uban ke zanawa. Hannuwan da ke zane a fim ɗin na Guy Ribes ne, mutumin da aka taɓa ɗaure shi saboda zanen jabu! Fim ɗin yana tafiya a hankali, ɗalibi mai gaggawa zai yi hamma.

Akwai masu ganin laifinsa: matasa na mutuwa a ramukan yaƙi, shi kuwa sai furanni da mata masu wanka. A ganinmu hukuncin ya yi tsauri. Mutumin da abokinsa Bazille ya mutu a yaƙin 1870, 'ya'yansa kuma suka dawo da rauni, ya san yaƙi sarai. Da gangan ya hana shi shiga zanensa.

A 1919 aka kai shi gidan tarihi na Louvre, ya ga aikinsa rataye tare da na magabata. Ya rasu ranar 3 ga Disamba na shekarar. Jean ya auri Andrée a 1920, ya zama babban mai shirya fim, har ya yi La Grande Illusion a 1937, a kan fursunonin yaƙin da ya bar shi da ɗingishi.