Sarkin Musulmi Muhammadu Bello

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a gidan malamai, ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa Abdullahi. Tun yana yaro yana jin Fillanci da Hausa, sa'an nan ya koyi Larabci har ya gwanance. Yana ƙarami ne Shehu ya tafi ƙasar Zamfara ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi. Ɗaya daga cikin garuruwan da Shehu ya zauna shi ne Faru, wanda ke ƙasar Maradun.

A shekarar 1804 rigima ta tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, aka fara jihadi. Bello yana da shekara 23 a lokacin, amma ya zama ɗaya daga cikin manyan shugabannin yaƙi. Shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Da shekara ta kewayo sai ya fara gina birnin Sakkwato.

Shehu ya rasu a 1817, jama'a suka yi wa Bello mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi. Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Da jin rasuwar Shehu sai waɗansu ƙasashe suka yi tawaye, har da waɗansu sarakunan Zamfara. Wani babban malami kuma mai suna Abdussalami, wanda dā almajirin Shehu ne, ya ƙi bin Bello. Bello ya yi ta aika masa da wasiƙu yana lallashinsa, abin bai yiwu ba. Daga bisani aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya ji rauni, ya gudu zuwa Bakura, can ya rasu a 1818.

Wannan fitina ta nuna wa Bello cewa cin ƙasa ya fi riƙonta sauƙi. Saboda haka ya shiga kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, ana kiransu ribaɗi. Kalmar ribaɗi daga Larabci ta fito, asalinta kuwa ɗaurewa, wato wurin da mayaƙa ke ɗaure dawakinsu suna tsaron ƙasa. Bakura tana cikin irin waɗannan garuruwa, ƙanensa Abubakar Atiku ne ya zauna can. Bello da kansa ya zauna a ribaɗin Wurno. Ya umurci Fulani makiyaya da yawa su zauna cikin gari, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafi kan mulki, ya gargaɗe shi ya kula da manoma, da maƙera, da maɗinka, da marina, da masassaƙa, da masu magani, domin gari ba ya zaunuwa sai da masu sana'a.

Duk da yawan aikin sarauta, Bello bai ajiye alƙalami ba. Ya wallafa littattafai masu yawa da Larabci. Mafi shahara cikinsu shi ne Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812. A ciki ya ba da labarin ƙasashen Hausa, da Barno, da Azbin, da sauran maƙwabta, sa'an nan ya kawo labarin jihadi, da wasiƙun da suka yi musaya da Shehun Barno Muhammadu El-Kanemi. Ya kuma yi rubutu kan magani. Yana da littafi kan ciwon ido, da wani kan basir, da wani kan amfanin filasko, ganyen nan da a ke sha don wanke ciki.

A shekarar 1824 wani Bature mai suna Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato. Ya ƙetaro hamada ne daga Tarabulus, ya biyo ta Barno da Kano. Cikin tafiyarsa Abdullahi a ke kiransa. Ya kawo wa Sarkin Musulmi gaisuwa, a ciki har da madubin hangen nesa da kamfas. Kamfas ɗan ƙaramin akwati ne mai allura a ciki. An yi allurar da mayen ƙarfe, shi ya sa kullum bakinta arewa ya ke nunawa. Wanda ya san arewa kuwa ya san gabas, saboda haka matafiyi ba zai ɓace wa alƙibla ba. Wannan abu ya ƙayatar da Bello ƙwarai.

Clapperton ya kuma nuna masa taswirar sama. Sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Bello ya yi masa tambayoyi kan ƙasashen Turai da addinin Nasara, har baƙon ya rasa amsar waɗansu. Ya kuma nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita wanda zai zauna a ƙasarsa.

A zamanin nan Turawa ba su san inda kogin Kwara ya ƙare ba, abin da ya kawo Clapperton ke nan. An zana masa taswirar ƙasa a Sakkwato, ya tafi da ita, aka buga ta a Landan a 1826 tare da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri. Clapperton ya komo Sakkwato a wannan shekara, ya kawo wa Bello littattafan Larabci. A cikinsu akwai na Iƙlidis, wani malamin Yunanawa da ya zauna a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta ilmin auna layi da kusurwa da da'ira. Bello ya yi murna matuƙa, domin dā gidansu suna da littafin, gobara ta cinye shi. Clapperton ya kamu da ciwo, ya mutu a Sakkwato a 1827. Baransa Richard Lander shi ne ya bi Kwara cikin jirgin ruwa a 1830, ya tarar ta faɗa teku a kudu.

Babban yaƙin Bello na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836, inda ya ci nasara kan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Ya rasu a Wurno a 1837, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. A nan kabarinsa ya ke, mutane suna zuwa ziyara. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gāje shi.

Bakura tana nan har yau, ita da Maradun da Talata Mafara suna cikin Jihar Zamfara, wadda aka kafa a 1996. Littattafan Bello kuma suna nan a hannun malamai da ɗakunan karatu na jami'o'i, duk mai neman tarihin ƙasar Hausa sai ya duba su. Mutumin da ke da mulki da yaƙi a wuyansa bai ce ba shi da lokacin karatu ba, bai kuma ji kunyar tambayar baƙo abin da bai sani ba. Allah ya ji ƙansa, amin.