Marigayi Sir Usman Nagogo: Sarkin Da Bai Raba Sirdi Da Aikin Ofis Ba

Ran 18 ga watan Maris, 1981, Allah ya yi wa Sarkin Katsina, Alhaji Sir Usman Nagogo, rasuwa yana da wajen shekara 76 a duniya, bayan ya yi kusan shekara 37 a bisa gadon sarauta. Waɗanda suka san zamaninsa suna tunawa da shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce shi ne Sarkin da ya riƙe ƙasar Katsina tun zamanin Turawa, ya ga samun mulkin kai, ya ga mulkin soja, har ya ga komawar mulki hannun farar hula cikin 1979. Ta biyu kuwa ita ce gwanintarsa a wasan ƙwallon dawaki, watau folo, wadda a zamaninsa ba a sami wanda ya kamo shi a Nijeriya ba.

Mutane da yawa sukan ɗauki ta biyun tamkar shagala ce ta 'ya'yan sarauta, wadda ba ta da wata dangantaka da ta farko. Irin wannan ra'ayi ne ke sa uba ya kori ɗansa daga filin wasa da zarar jarrabawa ta ƙarato, ya kuma sa ma'aikaci ya yini a bisa kujera yana ganin motsa jiki aikin yara ne. Amma binciken da masana suka yi a kan ƙwaƙwalwa bayan rasuwar Sarkin ya nuna ra'ayin nan yana bukatar gyara.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Usman Nagogo a Katsina cikin shekarar 1905, a gidan Sulluɓawa. Mahaifinsa, Muhammadu Dikko, shi ne Durɓin Katsina a lokacin, kuma ba a daɗe ba ya zama Sarki, bayan da Turawa suka tuɓe Sarki Yero cikin 1906. Dikko mutum ne mai son ganin abin da duniya ke ciki. Cikin 1921 ya tafi Ingila, ya kuma sauke farali a Makka, daga baya kuma ya sake komawa Ingila fiye da sau ɗaya. Usman yana cikin 'ya'yan da suka yi masa rakiya a irin waɗannan tafiye-tafiye.

Yaron ya fara da karatun allo kamar sauran tsararsa, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta Lardi a Katsina, ya gama cikin 1923. A shekarun nan Katsina ita ce cibiyar ilmin zamani a Arewa. Cikin 1922 Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye mutane irin su Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A kwalejin nan wasanni suna cikin tsarin horo kamar yadda lissafi da Turanci suke. Ana buga kurket, ana kuma buga ƙwallon bango wadda ake duka da tafin hannu, wasan da Sardauna ya shahara a kansa, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya.

Shi Usman filinsa na doki ne. Hawa ba baƙon abu ba ne a gidan sarautar Katsina, inda yaro kan tashi ya tarad da barga cike da dawaki, ya koyi kilisa da sukuwa tun ƙafarsa ba ta gama kai wa likkafa ba. Baƙon abu shi ne folo. Hafsoshin Ingila ne suka kawo shi Nijeriya, suka fara bugawa a Ikko cikin 1904, daga nan ya hau Arewa. Sarki Dikko ya ga wasan ya yi masa, ya kafa shi a Katsina cikin shekarun 1920, ya sa 'ya'yansa da yaran fada a ciki. Ba a jima ba ƙungiyar Katsina ta fara karawa da ta Turawa tana cinye su, sunanta kuma ya riƙa fitowa a gasar Kofin Georgian da ake yi a Kaduna tun 1919.

Abin da wasan ke nema

Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, ƙwallon kuwa ba ta fi girman lemo ba. Doka ta tilasta a riƙe sanda da hannun dama, saboda haka linzami yana hannun hagu, sauran maganar da mahayi zai yi da dokinsa kuma da gwiwa da dunduniya zai yi ta. Ana yin zagaye na minti 7, a huta kaɗan, a sake doki. Doki yana samun canji, mahayi ba ya samu.

Ƙarfin dantse kaɗai ba ya isa. Duk sa'ad da aka bugi ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama layi wanda doka ta hana a gitta shi yadda za a jawo karo. Ke nan mahayi yana cikin sukuwa zai auna inda ƙwallo za ta faɗa, ya san wanda ke da hakkin layi, ya lura da abokansa uku da abokan karawa huɗu, ya kuma yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Ana auna gwanintar ɗan wasa da wani mizani wanda ya fara daga 2 ƙasa da sifiri ya tsaya a 10. Galibin masu buga folo a duniya ba su wuce 2 ba, masu 10 kuwa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu mutanen Ajantina. Usman Nagogo ya kai 7.

Aikin hukuma da sarauta

Bai kai wannan matsayi don rashin abin yi ba. Cikin 1929 aka ba shi shugabancin 'yan doka na En'en Katsina, ya tsara aikinsu, ya ƙara yawansu. Cikin 1937 ya zama Magajin Garin Katsina, watau hakimin birni. Da Sarki Dikko ya rasu a farkon 1944 sai ya gaje shi, Gwamna Sir Arthur Richards ya ba shi sanda ran 19 ga watan Mayu na shekarar. Shi ne Sarkin Katsina na farko da ya yi karatun boko. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu ya hau, kuma bai daɗe da hawa ba ya yi doguwar tafiya zuwa Indiya da Bama don ya gai da sojojin Nijeriya da ke bakin daga.

Cikin 1952, da aka kafa Majalisar Ministoci ta tsakiya a Ikko, yana cikin mutum huɗu da Arewa ta aika, shi da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim Ibrahim, yana Minista marar ofis. Daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a Gwamnatin Jihar Arewa, yana kuma cikin manyan Majalisar Sarakuna a Kaduna. Cikin 1962 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma mai ɗauke da laƙabin Sir. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage sauran ikon sarakuna. Duk waɗannan canje-canje sun same shi a kan gado, ya bi da su da haƙuri, yana kuma shugabancin ƙungiyar folo ta Nijeriya.

Abin da masu bincike suka gano

A ƙuruciyar Nagogo likitoci sun ɗauka ƙwaƙwalwar baligi ta riga ta daskare, ba ta ƙaruwa, sai dai raguwa. Amfanin motsa jiki ma a kan zuciya aka fara tabbatar da shi. Cikin 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana sakamakon nazarin ma'aikatan motocin haya na birnin Landan su wajen 31,000. Ya tarar kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da sauka a motoci masu bene, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi da ke zaune. Ya sami irin wannan bambanci tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis.

Maganar ƙwaƙwalwa ta biyo baya. Ita dai nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, don haka duk abin da ya gyara gudun jini ya shafe ta. Cikin 1990, a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, William Greenough da abokan aikinsa suka raba ɓeraye kashi-kashi. Waɗansu aka sa su gudu kawai, waɗansu kuma aka koya musu bin igiya da siraran katakai da sauran hanyoyi masu wuya. Da aka duba ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsi, sai aka ga masu gudu sun sami ƙarin ƙananan jijiyoyin jini, masu koyon dabara kuwa sun sami ƙarin mahaɗai tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Watau gumi da aikinsa, koyo ma da nasa. Wasa irin folo, ko ƙwallon ƙafa, ko langa, ya haɗa biyun.

Cikin 1995 Carl Cotman da mutanensa a Jami'ar Kalifoniya suka nuna gudu yana ƙara wani sinadari da ake kira BDNF a ƙwaƙwalwar ɓera, wanda aikinsa ya yi kama da na taki ga shuka. Cikin 1999 kuma Henriette van Praag da Fred Gage, a Cibiyar Salk, suka tarar ɓerayen da ke gudu sun ninka waɗanda ba su yi yawan sababbin ƙwayoyi a wani sashe da ake kira hifokamfus. Sashen nan shi ke kula da ajiye sabon abin da aka koya.

Daga nan aka koma kan mutane. Cikin 2004, a Jami'ar Regensburg ta Jamus, aka koya wa waɗansu matasa wasa irin na carafke da ƙwallaye uku har wata 3. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna wuraren da ke lura da motsin abin da ido ke gani sun ƙara kauri, da suka bar wasan na wata 3 kuma kaurin ya ragu. Cikin 2011 Kirk Erickson na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsa suka raba dattawa 120 gida biyu. Rabi suka riƙa tafiyar sauri sau 3 a mako, har ta kai minti 40 kowane fita, sauran kuwa miƙe gaɓoɓi kawai suke yi. Bayan shekara guda hifokamfus na masu tafiya ya ƙaru da wajen kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin kuwa ya ragu da fiye da kashi 1.

Iyakar maganar

Ya kamata mai karatu ya san inda maganar ta tsaya. Bincike irin wannan a kan taron jama'a yake magana, ba ya yanke hukunci a kan mutum guda, don haka ba za a ce folo ne ya ba Nagogo basirar mulki ba. Tarbiyya da ilmi da gogayya da mutane suna da nasu rabo. Abin da aka gani a ɓera kuma ba lalle ya zama daidai da na ɗan Adam ba, har yanzu masana suna muhawara a kan yawan sababbin ƙwayoyin da ƙwaƙwalwar baligi ke iya yi. Waɗansu gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun sami amfani kaɗan ne kawai. Wasa ba ya maye gurbin littafi, wanda bai yi karatu ba gudu ba zai ci masa jarrabawa ba.

Har ila yau, wasan da ke gyara ƙwaƙwalwa yana iya ɓata ta. Faɗuwa daga doki, ko naushi a ka wajen dambe, ko karon kai a filin ƙwallo, duk suna iya girgiza ta. Shi ya sa ɗan folo ba ya shiga fili sai da hular kwano, likitoci kuma suke gargaɗi cewa wanda ya bugu a ka, ya ji jiri ko ya rikice, a fitar da shi nan take, kada ya koma sai an duba shi.

Duk da haka, hujjar ta yi ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idodinta na 2020, ta shawarci baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Cikin amfanin da ta lissafa har da kaifin tunani da barci mai kyau da raguwar damuwa, ga yara kuma har da ƙoƙari a aji.

Gadon da ya bari

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manjo Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, daga baya ya shugabanci hafsoshin sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa, sanannen ɗan folo ne. Haka ma Alhaji Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaji mahaifinsa cikin 1981 ya yi sarauta har 2008. Ta hannunsu da na jikoki wasan ya zauna a Katsina.

Doki da sirdi ba kowa ke da halinsu ba, binciken kuwa bai ce sai da su ba. Dattawan da hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da ƙafa suka yi tafiya. Ɗalibin da ke Kambarawa ko Ƙofar Ƙaura, idan ya taka zuwa makaranta, ya buga ƙwallo bayan la'asar, ya kwanta da wuri, bai ɓata lokacin karatunsa ba. Akawun da ke Sakatariya, idan ya keɓe rabin sa'a kwana 5 a mako ya yi tafiyar sauri, ya cika minti 150 ɗin nan. Hedimastan da ya mai da lokacin wasanni na ƙarin darasi, da hukumar da ta bari aka yanka filin makaranta aka yi shaguna, su ma ya kamata su sake lissafi.

Sir Usman Nagogo bai ga ko ɗaya daga cikin hotunan ƙwaƙwalwar nan ba. Ya dai tashi a gidan da ake ganin horon jiki yana cikin shirin wanda za a ɗora wa nauyin jama'a, ya riƙe wannan tarbiyya yana shugaban 'yan doka, yana hakimi, yana minista, yana Sarki. Allah ya ji ƙansa, ya kyauta makwancinsa.